Allo, Gefen Takarda da Waƙa: Yadda Magabata Suka Riƙe Karatu a Zamfara

Wanda ya ratsa Birnin Tudu ko Bakura da asuba zai ji amon makarantar allo kafin ya hango ta. Yara na zaune, kowa da allonsa bisa cinya, kowa na rera nasa karatun. Baƙo zai ce hayaniya ce kawai. Amma abin da ke hannun yaran nan tsohuwar amsa ce ga tambayar da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ke fama da ita yau: me za a rubuta, a ina, kuma yaya rubutun zai shiga kai?

Malaman da ba su taƙaita ga hanya ɗaya ba. Irin ilimin da ake nema shi ke zaɓar wurin da za a rubuta shi.

Abin da ake son haddacewa, allo ne gidansa. Yaro kan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, har hannunsa ya nuna ya riƙa yi wa kansa rubutu da alƙalamin kara da tawadar gawayi da ƙaro. Idan ya rubuta, ba ya fara karatu sai ya kai wa malam an yi darasu. Malam zai bi layi-layi, ya gyara wasalin da ya kauce, ya mayar da harafin da aka tsallake, sannan ya biya masa. Daga nan sai maimaici, safe da yamma da dare. Ranar da karatun ya zauna, ɗalibi ya kawo shi gaban malam ba tangarɗa, sai a ce ya je ya wanke. Wannan wankin shi ne zuciyar tsarin. Rubutun da ɗalibi ya san za a shafe ba ya jingina da shi. Gardin da ya yi nisa kuwa har satu yake yi, wato ya rubuta sumuni ko fiye da ka, ba tare da ya buɗe Alƙur'ani ba, sannan a duba masa.

Tsadar takarda na cikin dalilan da suka raya allo. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, takardar da ya tarar a kasuwa mai tambarin jinjirin wata uku ce, wadda ake yi a Italiya, raƙuma su ƙetaro da ita Sahara. Ba abin da za a miƙa wa kolo ya yi gwaji ba ne. Sai dai rashin ya haifar da dabara mai inganci. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai: waɗanda suka karanta nassi suka rufe shi suka yi ƙoƙarin tuno shi sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Alarammomi sun daɗe da sanin haka, ko da ba su auna shi da alƙaluma ba.

Su alarammomin ma suna da nasu rubutun gefe, wato harji. A Alƙur'anin da aka rubuta da hannu, baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, za a ga 'yan alamomi a gefen shafi da ke nuna sau nawa wata kalma ko wata gaɓa ta zo da wannan siga, don kada mahaddaci ya zame daga aya zuwa mai kama da ita. Gajeren rubutu ne ƙwarai, an yi shi daidai inda ƙafa ke zamewa.

A zaure, inda ake karatun ilimi, buƙata ta sauya. Mai karanta Ahalari, Iziyya, Risala ko Muhtasar fahimta yake nema, kuma littafin zai zauna da shi har tsufa. Shi ya sa masu kwafar littattafai ke barin fili tsakanin layuka da faffaɗan gefe. Ɗalibi na jan baƙi gaɓa-gaɓa, malam na fassarawa da Hausa ko Fulatanci, shi kuma yana saƙala ma'anar kalma mai wuya a ƙarƙashinta da ajami, ya kai dogon bayani gefe a matsayin hashiya, wani lokaci a karkace, wani lokaci sai an juya takardar kafin a karanta. Ba a ɗinke littattafan. Warƙoƙi ne a sake cikin gafaka, a ƙasan shafi an rubuta kalmar farko ta shafin gaba don kada su rikice. Hakan ya sa ɗalibai da yawa kan raba littafi guda su yi ta kwafa lokaci ɗaya. Al'adar ta tsufa: a Barno akwai Alƙur'anin da aka gama sharhinsa a 1669, tsakanin layukansa cike da bayani da tsohon harshen Kanembu.

Ƙasar Zamfara ta ga wannan karatu a ganiyarsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a nan, tsakanin shekarun 1780 da farkon 1790, kuma Faru da ke ƙasar Maradun na cikin wuraren da ya zauna. Ƙanensa Abdullahi, wanda ke tare da shi, daga baya ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya jera malamansa da littafin da ya ɗauka wajen kowanne. A wurinsa, sanin daga bakin wa aka ji bayani ɓangare ne na bayanin. Shi ne kuma gwanin hanya ta uku, wato ƙulla ilimi cikin waƙa. Ya mayar da nahawu baitoci a Bahrul Muhiɗ, ya yi wa sarfu haka a Hisnur Rasin. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kai dabarar ƙauyuka: jagororinta mata, da ake kira jaji, na haddace waƙoƙin Hausa da Fulatanci su koyar da 'yan taru, matan da yawancinsu ba su da takarda ko ɗaya. Wanda ya iya matse babi guda cikin baiti goma, lalle ya fahimci babin.

Boko ya zo da takarda mai araha. Daga makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909 zuwa shirin ilimin firamare kyauta na 1976, littafin rubutu ya shiga kusan kowane gari. Alheri ne babba, amma an yi asarar matakai biyu a hanya. Malami ya cika baƙin allo, yara su kwafa, aji ya yi yawan da ba mai iya yin darasu, kuma ba ranar wanki. A manyan makarantu abin ya koma sayen handawut, yanzu kuma ɗaukar hoton allo da waya, rubutun da hannun ɗalibi bai taɓa ba balle kansa.

Abin lura shi ne tsarin da littattafan dabarun karatu suka fi yabawa, wanda Walter Pauk ya fito da shi a Jami'ar Cornell a shekarun 1950, ya haɗa hashiya da satu ne a shafi guda. Ana ja layi a tsaye, bayanin darasi a faffaɗan ɓangare, tambayoyi a siririn gefe, taƙaitawa a ƙasa. Sannan ɗalibi ya rufe bayanin da tafin hannu ya amsa tambayoyin da ka. Yawancin ɗaliban da ke shiga aji a Mafara, Bakura da Maradun sun riƙe allon itace tun kafin su riƙe biro, don haka ba baƙon abu za a koya musu ba. Abin da ya rage shi ne malamin kimiyya ko na tarihi ya ware minti goma a ƙarshen darasi, a rufe littattafai, kowa ya rubuta abin da ya riƙe, ya miƙa wa na kusa da shi ya duba masa.