Nisan Tafiya Da Tsawon Lokacin Jirgin Sama Daga Birnin Kebbi Zuwa Jidda Da Madina

Mun tanadi wannan bayani domin amfanin maniyyata aikin Hajji na Andarai da sauran garuruwan Ƙananan Hukumomin Maiyama, Jega da Aliero, tare da jami'an alhazai da masu unguwanni da ke wayar musu da kai.

Alhazan Jihar Kebbi suna tashi ne daga Filin Jirgin Sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. Daga wannan fili ne jirgin farko na alhazan Nijeriya na shekarar 2024 ya tashi, ranar 15 ga Mayu, a gaban Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima.

Nisa

Idan aka bi miƙaƙƙiyar hanya ta sama, tsakanin Birnin Kebbi da Jidda akwai kimanin kilomita 3,800, zuwa Madina kuwa kimanin kilomita 3,950. Hanyar tana ratsa kudancin Jamhuriyar Nijar, Chadi da Sudan, sannan ta tsallaka Bahar Maliya. Ta waɗannan ƙasashe ne kakanninmu suka bi a ƙasa da raƙuma, wasu su yi watanni, wasu shekaru.

Tsawon lokaci

Babban jirgin fasinja yana cin kimanin kilomita 850 a awa ɗaya, don haka tafiyar takan ɗauki awa huɗu da rabi zuwa biyar. Sai dai lissafin yana canzawa idan an toshe hanya. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya sa aka rufe sararin samaniyar Sudan, ya zama dole jiragen alhazan wannan shekara su yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mai ya ƙaru. Saboda haka a nemi tabbacin lokaci daga jami'an Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jiha kafin ranar tashi.

Bambancin agogo

Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na safe ya yi awa biyar a sama, zai sauka ƙarfe 3 na rana a agogonmu, amma ƙarfe 5 na yamma ne a can. Muna kira ga alhaji ya gyara agogonsa da zarar ya sauka, domin kiyaye lokutan salla da na shan magani.

Abin lura

Awoyin sama ba su ne duka tafiyar ba. Akwai hanyar mota zuwa Birnin Kebbi, zaman sansanin alhazai, awon kaya da binciken fasfo. Bayan sauka kuma, daga Jidda zuwa Makka kimanin kilomita 80 ne, daga Madina zuwa Makka kimanin 450. Wanda aka sauke a Madina zai ɗaura harami a Zul Hulaifa, wanda kuwa zai wuce Makka daga Jidda sai ya nemi bayanin mikati wurin malaman bita tun yana gida.

Muna roƙon tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini su riƙe magungunansu a jakar hannu, su riƙa shan ruwa, su ɗan miƙe ƙafa a cikin jirgi. Iyalai kuma kada hankalinsu ya tashi idan wayar alhaji ta yi shiru tsawon yini. Allah Ya kai lafiya, Ya dawo da su lafiya.