Haƙar Zinariya a Ƙasar Auduga: Raddi ga Masu Neman a Sassauta Sharuɗɗa

Tun daga watan Disamba na 2024, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta ɗora wa Zamfara a Afrilun 2019, wani ra'ayi ke yawo a majalisun masana, wanda wani malami daga cikin abokan aikinmu ya fi kowa tsayawa a kansa, wato ɗari-ɗarin da manoman kudancin Katsina ke yi da masu neman zinariya jahilci ne tsagwaronsa, kuma maslaha ita ce a taƙaita binciken illa ga muhalli da dokar 1992 ta wajabta, domin manyan kamfanoni su shigo da wuri su kori masu haƙar ɓoye. Batun mallakar ma'adinai sananne ne (sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999, da Dokar Ma'adinai ta 2007), haka nan kasancewar duwatsun Malumfashi 'yan gida ɗaya da na Anka da Maru da Birnin Gwari, don haka ba za mu daɗe a kansu ba.

Hujjar malamin ta farko ta fiƙihu ce, kuma ita ce mafi ƙarfi. Yana cewa mashhurin zance a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Halilu, shi ne hukuncin ma'adini yana hannun shugaba ko da a gonar wani aka same shi, saboda haka mai gona a Bakori ko Faskari ba shi da ta cewa. Naƙalin nan sahihi ne, ba mu musa shi ba. Amma malaman da suka miƙa wa shugaba wannan al'amari su ne dai suka ɗaure tasarrufinsa a kan talakawa da maslaharsu, suka kuma gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo amfani. To idan haka ne, ta yaya shugaba zai san inda maslaha take alhali ya sallami masu auna ruwa da ƙasa kafin su gama awo? A fahimtata, in ban yi kuskure ba, nassin da malamin ya jawo ɗora wa hukuma nauyin bincike yake yi. Har ila yau, a babin raya mataccen fili, wanda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe wa littafi guda, Ta'alimur Radi, rijiya tana da hurumi, gari ma yana da nasa na kiwo da itace, kuma izinin sarki bai taɓa halatta wa mutum ɓata ruwan maƙwabcinsa ba.

Hujjarsa ta biyu ita ce, yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, da 28 da suka rasu a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, duk haƙar hannu ce ta jawo ajalinsu, inda ake kai dutse cikin gida a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya wajaba in ƙuntata da'awata daidai da shi. Ban ce kamfani mai lasisi zai maimaita abin da ya auku a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma ba, ban kuma ce kowane dutsen zinariya yana ɗauke da dalma ba, domin musibar Zamfara ta zo ne daga jijiyar dutse mai dalma da yawa fiye da al'ada. Abin da nake iya tsayawa a kansa ya fi haka ƙanƙanta: bambanta dutse mai dalma da marar ita aikin awo ne, kuma awon nan shi ne malamin yake so a taƙaita. Sa'an nan lasisi ba ya korar masu haƙar hannu, galibi ma gefen ramin kamfani suke yada zango, da zaibarsu ta kama zinariya, su wanke a rafin da ya fi kusa.

Kudancin Katsina kuwa ba daji ba ne. A kusa da Funtua Gulbin Sakkwato ya faro, kuma a nan aka kafa ɗaya daga cikin ayyukan raya noma uku na farko da Bankin Duniya ya tallafa a 1975, tare da Gusau da Gombe, saboda ƙasar auduga da masara ce da ke ciyar da kasuwanni masu nisa. Sashe na 22 na Dokar 2007 ya riga ya fifita haƙar ma'adinai a kan kowane irin amfani da fili, noma ma a ciki, ta yadda abin da ya rage wa manomi shi ne diyya, da rahoton muhalli, da yarjejeniyar raya al'umma ta sashe na 116, wadda ake ƙullawa kafin a fara aiki. Wanda ya taƙaita na biyun ya gurgunta na ukun, don dagaci da jama'arsa ba za su iya ciniki a kan cutar da ba a faɗa musu girmanta ba. (Ga alama malamin bai taɓa zama a zauren da ake karanta wa manoma irin wannan takarda da Turanci ba.)

Gyaran ɓarna kuwa yana ɗaukar shekaru: kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga ƙauyen Bagega na Zamfara bai samu ba sai a 2013, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuwa sai a 2022 suka miƙa jinyar yaran da dalma ta shafa ga hukumomin Zamfara. Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Katsina da hakiman Funtua da Malumfashi da kada su sa hannu a kan wani fili sai an auna dutsen da ruwan, an kuma karanta sakamakon da Hausa a gaban masu gonakin.