Baƙin Harsuna a Bakin Binuwai

Wanda ya san Garwa daga nesa, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne fadar Lamiɗo, da gadar Binuwai, da kamfanin auduga na SODECOTON, da Ahmadu Ahijo, ɗan garin da ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982. Ba kowa ne zai sa coci a lissafi ba. Amma garin nan mazaunin babban bishop ne na Katolika tun 1982, kuma a unguwanni irin su Yelwa da Rumde Ajiya ba a doguwar tafiya ba a ci karo da majami'a ba, wata tsohuwa mai ƙararrawa, wata kuwa shago ne aka kama haya aka kafa wa allo.

A irin waɗannan ƙananan ne ake kwanan addu'a. Ɗaki mai rufin kwano, bencina a jere, lasifika ta fi ƙarfin ɗakin. Fasto na wa'azi da Faransanci, tafinta na biye da shi da Fulatanci, jimla bayan jimla. Can dare ya raba sai mai kiɗa ya sassauta hannu, a ce kowa ya ɗaga murya. A nan tafinta yake yin shiru, don abin da ke fita daga bakin jama'a ba Faransanci ba ne, ba Fulatanci ba, ba kuma Tupuri ko Mundang ba. Gaɓoɓin sauti ne masu gudu, ana maimaita su, wani da hawaye, wani ido a rufe. Wannan shi ake kira magana da harsuna. Daga baya a kira waɗanda ba su taɓa yi ba su fito gaba, a ɗora musu hannu, a ce su buɗe baki kada su ji tsoro. Wasu su samu. Wasu su koma mazauninsu baki a bushe, da wata tambaya mai hana barci: wanda harshensa bai motsa ba, shin ya sami ceto kuwa?

Tambayar baƙuwa ce a arewacin Kamaru. Kiristanci ya yi shekaru masu yawa a yankin kafin wani ya yi ta.

Masu bishara na farko da suka zauna a nan mabiya Martin Luther ne. Berge Revne da matarsa Herborg, 'yan wata ƙaramar ɗarikar Lutheran ta jihar Minnesota, sun baro Amurka a 1918, kuma a farkon shekarun 1920 suka kafa aiki a Lere ta ƙasar Chadi da kuma Yagwa a bakin kogin Logon. Daga aikinsu ikilisiyar EFLC ta fito. A 1923 Adolphus Gunderson ya sauka cikin Gbaya a kusa da Meiganga, a 1925 kuma mutanen Norwe suka iso Ngaundere. Waɗannan biyun ne suka haɗu suka zama EELC a 1960. Katolika sun yi latti, sai 1946 limaman ƙungiyar Oblat suka zo ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na farko na Garwa, aka kuma kashe shi a gidansa na Ngaundere a 1991. Kamar yadda Turawan Ingila suka yi a Kano da Sakkwato, Faransawa ba su so a tayar wa sarakunan Fulani hankali, don haka 'yan mishan suka nufi ƙabilun da ba su musulunta ba: Masa, Mundang, Tupuri, Dii, Gbaya, Mafa, da Fali mazauna duwatsun da ke kewaye da Garwa.

Kowace ƙabila da bakinta, kuma a nan wahalar take. Bature zai zauna da ɗan littafi a gindin bishiya, ya nuna tukunya a faɗa masa sunanta, ya rubuta, ya maimaita, yara su fashe da dariya don ya karkatar da karin sauti ya faɗi wani abu daban. Haka aka yi shekara da shekaru ana ƙirƙirar haruffa, ana fassara Linjila sura bayan sura tare da malaman makaranta 'yan ƙasa, waɗanda su ne suka ɗauki mafi nauyin aikin ko da yake ba a cika ambatonsu ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, amma na Fulatancin Adamawa sai 1983. Tun shekarun 1960 ɗakin shirye-shiryen rediyo na Sawtu Linjiila a Ngaundere yake haɗa wa'azi da Fulatanci. A wajen waɗannan mutane maganar ceto a fili take: alheri ne daga Allah, ana karɓarsa ta bangaskiya, ana hatimce shi da baftisma. Katolika suka ƙara da sauran farillan ikilisiya. Da Fafaroma John Paul na Biyu ya zo Garwa a watan Agusta na 1985, baftisma da tabbatarwa ya yi wa sababbin masu bi a bainar jama'a. Babu wanda aka ce sai ya yi baƙon harshe.

Sai dai tun kafin su Revne su hau jirgin ruwa, wata koyarwa ta riga ta kunno kai a Amurka. A ranar 1 ga Janairu 1901, shekarar da sojojin Jamus suka ci Garwa, wata ɗaliba mai suna Agnes Ozman ta yi magana da harsuna a makarantar Charles Parham da ke Topeka a jihar Kansas. Parham ya yanke cewa wannan ita ce shaidar baftismar Ruhu Mai Tsarki. Almajirinsa William Seymour, ɗan 'yantattun bayi, ya kai saƙon Los Angeles, inda aka yi shahararren taron farkawa na titin Azusa daga 1906. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, na farkon nan sun ɗauka harsunan duniya na gaske aka ba su, don su je wa'azi ba tare da wahalar koyo ba. Alfred Garr ya tafi Kalkata a 1907 da tabbacin zai yi wa'azi da Bangalanci. Da ya buɗe baki, mutanen Bengal ba su fahimci ko kalma ɗaya ba. Bayan irin wannan ne bayanin ya sauya, aka koma cewa harshen addu'a ne tsakanin bawa da Ubangijinsa.

Tun daga farko ba a taru aka zama ɗaya ba. A 1909 wasu shugabannin Furotesta na Jamus suka sa hannu a kan sanarwar Berlin, suka ce wannan ruhu ba daga sama yake ba. Su kansu masu wannan koyarwa, waɗanda ake kira 'yan Fentikos, sun dare biyu a 1916. Ɗarikar Assemblies of God, wadda aka kafa a 1914, ta tsaya a kan cewa mutum yana samun ceto ne ranar da ya tuba ya ba da gaskiya. Baftismar Ruhu wani mataki ne na biyu, na samun ƙarfin hidima, harsuna kuwa alamar wannan mataki ce kaɗai. Ɗaya ɓangaren, masu yin baftisma da sunan Yesu kawai, waɗanda babbar ƙungiyarsu ta United Pentecostal Church ta kafu a 1945, suka ce a'a: tuba da baftismar ruwa da karɓar Ruhu tare da harsuna, duka ukun ne suke zama sabuwar haihuwa. Waɗannan ne suka ɗaure ceto da harsuna a rubuce, kuma su tsiraru ne a cikin 'yan Fentikos na duniya. Ko a cikin Assemblies of God, wani sanannen mai wa'azi, F. F. Bosworth, ya ajiye takardarsa a 1918 don bai yarda kowane mai Ruhu dole ya yi harsuna ba.

Kamaru ta samu nata rabon ta kudu. Ikilisiyar Apostolic ta shigo daga Najeriya a ƙarshen shekarun 1940, sai wani Bajamushe, Werner Knorr, ya kafa Full Gospel Mission a Mutengene a 1961. Malamin jami'ar Yawunde Zacharias Fomum ya tara ɗalibai da ma'aikata a ƙungiyarsa tun tsakiyar shekarun 1970, a daidai lokacin da Fada Meinrad Hebga ya buɗe wa Katolika tasu ƙofar da ƙungiyar addu'a ta Ephphata. Arewa kuwa ta daɗe a rufe. Gwamnatin jam'iyya ɗaya ba ta son taron da ba ta san kansa ba, balle a mahaifar shugaban ƙasa.

Abubuwa uku suka buɗe hanya, kuma babu na tauhidi a cikinsu. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa daga kudu suka yi ta hauhawa da addininsu a jaka. Noman auduga da madatsar ruwa ta Lagdo suka jawo dubban Tupuri da Mafa da Masa daga arewa mai nisa zuwa kwarin Binuwai, mutanen da suka bar dangi da cocin ƙauye a baya. Sannan dokar 19 ga Disamba 1990 ta ba da 'yancin kafa ƙungiyoyi, a daidai lokacin da tattalin arziki ya durƙushe: an zaftare albashi a 1993, an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Mai digiri ba aiki, mai ciwo ba kuɗin asibiti. Cocin da ya ce Ruhu yana nan yanzu-yanzu, yana warkarwa, yana buɗe hanya, ba ya rasa masu saurare. Najeriya kuma ga ta nan a maƙwabta, Yola ba nisa. Coci-cocinta irin su Deeper Life da Redeemed da Winners, wadda ta yi ƙuruciyarta a Kaduna, duk sun tsallako. Abin ya kai har wani masani ɗan Norwe, Tomas Sundnes Drønen, ya wallafa littafi sukutum a 2013 a kan coci-cocin Fentikos na Ngaundere. A watan Agustan wannan shekarar ne gwamnatin Paul Biya ta sa aka rufe gomman irin waɗannan majami'u, galibi a biranen kudu, bisa zargin rashin izini da damun maƙwabta, a lokacin da ƙungiyoyin addini 47 kacal ke da cikakkiyar rajista a ƙasar.

To, a takarda, kusan duk manyan ɗarikun nan da suka shigo arewa ba su ce marar harsuna ɗan wuta ne ba. Deeper Life, alal misali, matakai uku take koyarwa: ceto, tsarkakewa, sannan baftismar Ruhu. Amma abin da ke cikin kundin ɗarika daban, abin da ke shiga kunnen yaro ɗan sakandare da ƙarfe biyun dare daban. Idan aka raba jama'a gida biyu, waɗanda suka cika da Ruhu da waɗanda ke jira, aka kuma riƙa kiran tsofaffin coci-coci matattu, ba sai an furta sauran ba. Yaron zai koma gida ya dubi kakarsa, wadda ta karɓi baftisma a hannun 'yan mishan, ta haddace katekisim da Mundang, ta riƙe addininta a shekarun da zama Kirista a arewa ba ya kawo muƙami, ya fara shakkar makomarta. A nan ne gardamar take da zafi, a tsakar gida, ba a makarantar tauhidi ta Kaele ko Meiganga ba.

Kowane ɓangare da ayoyinsa. Masu harsuna suna kafa hujja da wurare uku a Ayyukan Manzanni: ranar Fentikos a Urushalima, gidan Karniliyus, da almajiran Afisa. Fastocin Lutheran su ce a ci gaba da karatu. Mutum wajen 3,000 da aka yi wa baftisma a ranar Fentikos ɗin ba a ce sun yi harsuna ba, haka Bahabashen nan ma'ajin sarauniya, haka Lidiya, haka mai gadin kurkukun Filibi. Manzo Bulus, wanda ya shaida cewa shi kansa yana yi, ya lissafa harsuna a matsayin baiwa ɗaya cikin baye-baye da ba kowa ake ba ba, ya kuma gindaya wa Korantiyawa sharaɗi: mutum biyu ko uku, bi da bi, kuma sai da mai fassara. Amma shi ɗin dai ya ce kada a hana yin harsunan. Wannan gaɓar ta ƙarshe tsofaffin coci-coci ba su cika son a tuna musu ita ba, kuma da yawansu sun gwammace su bar matasa su yi kwanan addu'arsu a cikin gida da a ce sun tsallaka titi.

Akwai wani mai bincike da ya dace a ambata, don maƙwabcin yankin ne ta fuskar aiki. William Samarin ya yi mishan a Afirka ta Tsakiya, ya rubuta nahawun Gbeya, ɗan'uwan Gbayan Meiganga, da na Sango. Daga baya ya shafe shekaru yana naɗar muryoyin masu magana da harsuna, ya fitar da sakamakon a 1972. Ya gano cewa sautukan suna da kari da tsayawa irin na magana, amma an gina su ne daga sautukan harshen da mai yin ya riga ya sani, kuma babu tsarin kalma da ma'ana irin na harshen ɗan Adam. Bai kira masu yi mahaukata ko maƙaryata ba. Ya ce abu ne da mai cikakken hankali yake iya yi, yake kuma iya koya a cikin jama'a. Wannan bai rushe imanin mai cewa addu'arsa ce ba. Sai dai abin da ake iya koya ta hanyar saurare da kwaikwayo, da wuya ya zama ma'aunin da za a tantance 'yan aljanna da shi.

A yau a Garwa ana yin harsuna a majami'un farkawa, ana yi a wasu rukunonin addu'a na Katolika, a cocin Lutheran kuwa ƙungiyoyin mawaƙa ne ke tashi ɗaya bayan ɗaya ranar Lahadi, kowace da harshen ƙabilarta. Katolika da EFLC da EELC ba su taɓa sa harsuna cikin sharuɗɗan ceto ba, manyan ɗarikun Fentikos ma ba su sa ba. Mai wa'azin da ya ce wa tsohuwar Mundang ba ta da rabo sai harshenta ya juya, ya saɓa wa Luther, ya saɓa wa Roma, kuma in dai ba daga ɓangaren masu sunan Yesu kawai ya fito ba, ya saɓa wa kundin ɗarikarsa.