Yarinyar da Aka Yi wa Magani da Yunwa



A labaranmu, idan muka ɗora wa wani ciwon suga, yawanci shayi ba sukari muke ba shi, shi ke nan. Mun manta da yunwar da ke cikin ciwon, alhali nan labarin yake.

A bayan tumbi akwai wata 'yar gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. A 1889, a birnin Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa wani kare ita. Karen ya kama fitsari ba ƙaƙƙautawa, da aka auna sai ga suga a ciki. Ashe gaɓar ce ke fitar da sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofar shiga tsoka. Idan babu shi, abinci na shiga ciki, suga na taruwa a jini yana zubewa ta fitsari, jiki kuma ya koma cin kitsensa da namansa. Mutum na ci yana ramewa.

To me likitoci suka yi? Suka ƙara wa mai yunwa yunwa. Dokta Frederick Allen na Amurka ya yi suna wajen rage wa marasa lafiya abinci har iyakar abin da rai zai iya ɗauka. Ba za mu kira shi mugu ba, don dabararsa ta ja wa wasu kwana, amma wasu yunwar ce ta ƙarasa su.

Cikin majinyatansa akwai Elizabeth Hughes, 'yar ministan harkokin wajen Amurka na lokacin. Gidan daula, amma kowace loma sai an ɗora ta a sikeli. A watan Agustan 1922, tana dab da cika shekara 15, nauyinta bai wuce kilo 20 ba. A haka aka kai ta Toronto ta Kanada, inda Frederick Banting da Charles Best da abokan aikinsu suka tace insulin daga fankiriyas ɗin dabbobi. Banting ya fara yi mata allura, ya kuma sake mata abinci. Ku tsaya a kan wannan kwanon na farko. Mu dai da mu ke rubuta labarin, babi guda za mu ba shi.

Daga baya aka gano gaɓar ba harshe ɗaya take magana da shi ba. A 1923 aka gano glukagon, mai sa hanta ta saki sugan da ta ajiye idan ciki ya daɗe ba komai. Sai a 1987 aka tantance amilin, wanda ke fita tare da insulin, ya rage saurin ficewar abinci daga tumbi, ya kai wa ƙwaƙwalwa saƙon an ƙoshi. Wato ƙwayoyin da suka mutu a jikin Elizabeth su ne kuma ya kamata su taya ta jin ƙoshi.

Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta rasu a 1981 tana da shekara 73.