Daga Akayau Zuwa Robar Haƙori: Tarihin Shirin Ɗan Dambe

Duk wanda ya saba zama da mahauta a Kasuwar Litinin ya san hira ba ta nisa sai an taɓo dambe. Ba abin mamaki ba ne, domin tun asali dambe wasan Rundawa ne. Da kaka, bayan an kai amfanin gona gida, sukan bi gari-gari da makaɗansu, kuma da iyayenmu suka zo Yerwa suka zauna Hausari ba su baro shi a gida ba.

To, yaya ɗan damben da yake shiri? Hannun da yake duka da shi ana ce masa mashi. Sai a naɗe shi da tsumma, a bi da zare a ɗaure tamau har ya koma kamar dutse. Ɗaya hannun shi ne garkuwa, a buɗe yake, da shi ake tare naushi. A ƙugu akwai warki ko bante, a ƙafa akwai akayau na ƙarfe, ga layu da kambu da guru. Kun ga ke nan, in ka cire garkuwa da layu, duk shirin na kai hari ne. Haka su Shago da Ɗandunawa suka yi zamaninsu, Ɗan'anace na zuga su. Yau gajeren wando ya kori warki, akayau ya ɓace daga fage, amma baki da kai suna nan tsirara yadda kakanni suka bar su.

Bari mu leƙa waje mu ga yadda wasu suka yi. A Ingila, dokokin Queensberry na 1867 ne suka wajabta wa 'yan damben boko sa safar hannu. Robar kare haƙori ma daga wurinsu ta fito, sannan ta shiga ƙwallon zari-ruga, wasan da ƙarti ke karo da juna kamar raguna. Su ma da riga da wando kawai suka fara. Daga baya aka kawo hula mai laushi don kare kunne, da 'yar katifar kafaɗa. A 1998 ƙasar New Zealand ta wajabta robar haƙori a wasanninta na cikin gida, kuma bincike ya nuna masu neman diyyar karyewar haƙori sun ragu da kashi 43 cikin ɗari. A 2024 hukumar wasan ta duniya ta shigo da robar da ke ɗauke da na'ura, wadda ke sanar da likita in kai ya bugu da ƙarfi.

Sai dai fa a lura, hula ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai. Hasali ma, a gasar Olamfik ta 2016 maza sun yi dambe babu hular. Abin da ke ceton rai shi ne a fitar da wanda ya bugu daga fage, likita ya duba shi, ya huta.

Nan ne maganar ta zo kanmu. Yaron da aka kashe a turmin farko, idonsa na juyawa, bai kamata kiɗa da kirari su mayar da shi fage ba. Wani zai ce robar haƙori ragwanta ce. Haba! Ai warki ma an bar shi, dambe bai mutu ba. Haƙorin babba kuwa in ya fita ya fita ke nan.

Don haka muna kira ga sarakunan fawa da masu gidajen dambe, Kudu da Jamus da Guramada baki ɗaya, su sa wannan roba cikin sharuɗɗan shiga fage, a kuma ajiye ma'aikacin lafiya a gefe. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kare mana 'ya'yanmu, amin.