Tarihin Tsarin Maida Riba Cikin Jari: Daga Dala 40 Zuwa Miliyoyi

Yau zan kai ku Amurka, mu ji tarihin wani tsari da suke kira DRIP. Ma'anarsa mai sauƙi ce: kana da hannun jari a kamfani, idan aka yi rabon riba, maimakon a ba ka kuɗin, sai a ƙara saya maka hannun jarin kamfanin da su. Kamar dai mai kiwo ne da akuyarsa ta haihu, ya ƙi sayar da 'ya'yan, ya bar su su ma su haihu.

To me ya kawo wannan tsarin? La'adar dillalai. Tun 1792 dillalan kasuwar hannun jari ta New York suka haɗa baki kan la'adar da ba wanda zai karɓi ƙasa da ita, kuma haka aka tafi har ranar 1 ga Mayu, 1975. Kun ga mai ƙaramin ƙarfi da aka ba shi ribar 'yan daloli, in ya ce zai koma wurin dillali, la'ada ce za ta cinye rabonsa. Sai ya kashe kuɗin kawai.

A ƙarshen shekarun 1960 kamfanoni, musamman na wutar lantarki da na tarho, suka fara tattara ribar masu ƙananan jari wuri guda suna saya musu a dunƙule. Ko kuɗinka bai kai na hannun jari ɗaya ba, za a rubuta maka gutsure. A 1975 kamfanin tarho na AT&T ya ƙara da ragin kashi 5 cikin ɗari ga masu maida ribarsu. Ba don Allah suka yi ba fa, kamfanonin suna neman kuɗin faɗaɗa aiki ne ba tare da sun ci bashi ba.

Yanzu ku ji abin da lokaci ke yi. A 1919 aka fara sayar da hannun jarin Coca-Cola a kan dala 40. Shekara ɗaya bayan nan farashin ya faɗi ƙasa da dala 20, saboda rikicin farashin sukari. Amma a 2012 kamfanin ya fitar da lissafi cewa wannan hannun jari guda ɗaya, da a ce duk ribarsa ana maidawa, da ya kai dala miliyan 9.8. Wanda kuwa yake cire ribar yana kashewa, nasa bai kai dala dubu 400 ba. Kamfani ɗaya, shekaru 93, bambancin kawai wani ya ci, wani ya bari.

Sai dai ni ba na son a tsaya nan, don masu tallar tsarin nan suke tsayawa. General Motors ya shafe shekaru da dama yana rabon riba, ana ganin ba abin da zai taɓa shi. A 2009 ya durƙushe, tsofaffin hannayen jarinsa suka zama takarda. Wanda ya riƙa maida ribarsa can, uwa da 'ya'ya duk suka tafi. Wanda ya riƙa karɓa kuwa, aƙalla ya ci wani abu.

Don haka tsarin nan ba ya zaɓa maka kamfani mai kyau, abin da ka zaɓa yake ninkawa. Kafin ka ce a riƙa maida maka riba, ka duba me kamfanin ke sayarwa, nawa ake binsa bashi, kuma kada duk akuyoyinka su kwana a garke ɗaya.

Ku rubuto min ra'ayinku a ƙasa: ku da kun ci ko da kun bari? Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.