Fingi, Durgu da Wake-wake: Tarihin Sunayen Kajin Gida a Maourey

Duk wanda ya bi ta shataletalen Maourey a tsakiyar birnin Yamai, abin da zai gani shaguna ne da hayaniyar motoci. Amma unguwar tana cikin tsofaffin ƙauyukan da suka haɗu suka zama Yamai, tare da Kalley da Gaweye. Sunanta ya fito ne daga Mawri, wato mutanen da Hausawa ke kira Arawa, ko da yake na Yamai sun daɗe da komawa harshen Zabarmanci. Kafin Faransawa su ɗauko hedkwatar mulki daga Damagaram su maido ta Yamai a 1926, rayuwar wurin ta ƙauye ce: rumbu, turke da akurki. Rumbu ya tafi, turke ya ragu, amma har yau a bayan wasu shagunan ana jin carar zakara da asuba.

Kaza baƙuwa ce a ƙasarmu. Asalinta wata tsuntsuwar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya. Masu tonon kayan tarihi sun sami ƙasusuwanta a Kirikongo ta Burkina Faso da Jenne-jeno ta Mali, waɗanda suka haura shekara 1000 a binne. Zabo shi ne ɗan gida, domin a Afirka aka fara kiwonsa. Duk da haka baƙuwar ce ta shige tsakar gida har aka raɗa mata suna, shi kuwa zabo har yau garke ake kallonsa.

Sunayen farko daga kama suke fitowa. Mai tashin gashi ita ce Fingi, mai gajerun ƙafafu Durgu, mai ɗige-ɗige Wake-wake, sai Ja, Fara da Baƙa. A ƙasar Arewa, wajen Dogonduci, masu bori sun kula da launin kaza ƙwarai, domin kowane iska da irin wadda ake yanka masa. Amma akwai dalilin da ya fi wannan kusa da cefane. A babban gida, kaji tare suke kiwo, tare suke kwana, alhali kowace da mai ita: wannan ta uwargida, waccan ta amarya, ga wadda kaka ta ba jikanta. Babu takarda, babu lamba. Sunan shi ne rajista. Wasu matan kan ƙara da ɗaura ƙyalle a fiffike ko a ƙafa, don kada rigima ta tashi ranar da za a kai kasuwa.

Bayan kama sai hali. Mai kiwo ta san wadda ba ta tashi daga kwanci har kwana 21 su cika, ta san mai watsar da ƙwai, ta san mai faɗa da ke tsayawa idan shirwa ta kawo farmaki, ta san ɓarauniyar da ba a shanya gero a gabanta. Wannan sani kuɗi ne. Zabuwar gida ba ta cika zama a kan ƙwanta ba, shi ya sa ake sa wa kaza ƙwan zabi, wanda ke ɗaukar kusan kwana 28. Idan aka ba kaza marar haƙuri, an yi asarar ƙwan damina. Saboda haka dakwalwar da aka shaida da kwanci ita ce ta ƙarshe da za a sayar, ko da Sallah ta matso.

Abin da iyayenmu mata suka sani a aikace, wani ɗan ƙasar Norway mai suna Thorleif Schjelderup-Ebbe ya rubuta shi a 1922. Tun yana yaro yake lura da kaji ɗaya bayan ɗaya, har ya nuna cewa suna gane juna, kuma akwai tsarin girma a tsakaninsu: wadda ke saran kowa, da wadda kowa ke sara. Bincikensa ya yiwu ne saboda ya bambance kowace kaza da ƴar uwarta, daidai abin da suna ke yi a tsakar gida.

Wani zai ce ai Bahaushe ya gama magana: sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Gaskiya ne, kuma karin maganar ta tabbatar da cewa akwai sabon. Kazar gida asusun mace ce. Da ita ake karɓar baƙo, da ita ake sayen magani ko littafin ɗan makaranta. Ana ƙaunarta, ana kuma sane da ranar da za ta biya buƙata.

Abubuwa uku ne suka raunana wannan al'ada. Na farko cuta: ciwon Newcastle kan share akurki a lokacin hunturu, sannan a watan Fabrairu na 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya, bayan an tabbatar da ita a jihar Kaduna a wannan watan, aka karkashe kaji don tare ta. Na biyu matsi: filin da kaza ke tono ya zama shago ko ɗakin haya. Na uku kajin gidan gona, waɗanda ke isa yanka cikin kusan mako 6. Wa zai raɗa wa kazar mako 6 suna?

Ba a ƙi kajin gona ba, birni na buƙatar nama. Amma yawancinsu ba su kwanci, sai an sayo sababbin ƴan tsaki kowane zagaye. Kazar gida kuwa ita ke hayayyafa da kanta, ta jure zafin bazara, ta ƙoshi da dusa da tsaki. Idan irin Fingi da Durgu ya ɓace, macen da ba ta da jari ta rasa dabbar da take iya farawa da ita.

Gyaran ba ya da tsada. A yi wa kaji rigakafin Newcastle kafin sanyi ya shigo. A ware sabuwar kaza na ƴan kwanaki kafin a haɗa ta da na gida. Mu malamai kuma mu tura ɗalibai wajen kakanninsu, su rubuto sunayen kaji da halayensu cikin Hausa da Zabarmanci, tun masu sanin suna raye.